Murɗaɗɗiyar matattakala a tsakar gidanmu: daga Janairu zuwa Agusta

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Ɗakuna biyu na sama sun kammala, an yi rufi, an sa ƙofofi, amma har yau da tsanin katakon da maginan suka bari muke hawa. Matattakala ce ta rage, kuma a nan gizo ke saƙar. Gidan na gado ne, bai kai rabin fuloti ba, irin gidajen cikin birnin Kano da aka yi ta rabawa har tsakar gida ta koma wurin shanya da murhu kawai.

Magini ya ja tef yau. Daga ƙasa zuwa saman dakin, wato simintin da aka zuba na bene, mita 3 cif. Ya ce miƙaƙƙiyar matattakalar siminti za ta ci tsawon kusan mita 4 da faɗin mita 1, ban da wurin tsayawa a ƙasa da sama. Duk inda muka juya ta, ko ta toshe tagar ɗakin Hajiya, ko ta hau kan rijiya. Hajiya ta ce rijiyar da mahaifinmu ya haƙa ba mai rufe ta muddin tana numfashi. Magana ta ƙare.

Saura murɗaɗɗiya ta ƙarfe, wadda ke zagaye ginshiƙi ɗaya, irin ta cikin hasumiyar masallaci. Ita mita ɗaya da rabi kowane gefe ya ishe ta, kuma akwai daidai wannan filin a kusurwar da ke tsakanin zaure da madafa.

Talata, 14 ga Janairu

Ɗan yayata da ya karanta zanen gini ya zo da takarda da biro. Ga abin da muka tsayar: faɗin da'irar santimita 150, ginshiƙin tsakiya fayif mai inci 4, hawa 15 kowane santimita 20, wato matakai 14 sannan dandamalin sama. Kowane mataki zai ɗauki kashi ɗaya cikin 12 na da'ira. A lissafinsa bakin matakin na waje zai kai santimita 39, tsakiyarsa wajen 21, jikin ginshiƙi kuwa ba zai wuce 3 ba. Ma'ana rabin kowane mataki na kallo ne, ƙafa ba ta zama a kansa.

Ya karanto mini abin da dokar ginin gidaje ta Amurka ta gindaya wa irin wannan matattakala: faɗin wurin wucewa kada ya gaza santimita 66, tsayin mataki kada ya wuce 24, tsakanin mataki da abin da ke saman kai kada ya gaza 198, kuma matakan su zama daidai wa daida. Na ce masa mu ba a Amurka muke ba. Ya ce, "Kawu, goshin Bakano da na Ba'amurke duk ƙarfe ɗaya ke fasa su."

Mun daɗe a kan wane gefe za ta murɗa. Ya ce a yi ta yadda mai hawa zai riƙa juyawa dama, ginshiƙi na hannun damansa. Dalilinsa shi ne in mutum zai sauko, mariƙin waje zai faɗo a hannunsa na dama, kuma a saukowa ne aka fi zamewa. Na yarda.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa da mai walda. Fayif na ginshiƙi, farantin ƙarfe mai ƙuraje na matakai, angul, sikwaya fayif na sandunan gefe, fayif zagayayye na mariƙi, wayar walda kwali biyu. Ƙarfe duka ya tashi ₦485,000. Ɗauka zuwa shagonsa ₦12,000. Kuɗin aiki mun daidaita a ₦160,000, na ba shi rabi kafin alƙalami.

Ya so mu ɗauki faranti mai sirantaka don a rage kuɗi. Na taka guda ɗaya da aka ɗora a kan bulo biyu, ya lanƙwasa a ƙarƙashina. Mun ɗauki mai kauri.

Litinin, 27 ga Janairu

An haƙa ramin ginshiƙi, santimita 60 kowane gefe da zurfi, an zuba kankare, an dasa kusoshi huɗu masu noti. Siminti buhu biyu, kowane ya kusa ₦10,000. Hunturu na shanye ruwan kankare da wuri, don haka an rufe shi da buhun algarara, yara na jiƙawa safe da yamma.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mai walda bai zo ba. Wai ba wuta, kuma janaretansa na wurin gyara.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Haka nan dai.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An kafa ta. Ya yi wa kowane mataki zobe a gindinsa, sai a zura shi ta saman ginshiƙi a sauko da shi, a juya shi zuwa wurinsa, a ɗana walda. Ya fara daga ƙasa, yaransa biyu na riƙe, shi yana dubawa da ma'aunin ruwa. Kafin la'asar abin ya tsaya, yaran unguwa sun cika zaure suna leƙe. Man janareta ni na saya, ₦9,000.

Matsala biyu suka fito kafin magariba. Ta farko, tana rawa. In mutum ya kai mataki na goma, sai ka ga saman ginshiƙin na kaɗawa, domin dandamalin kawai aka jingina da bakin dakin, ba a ɗaure shi ba. Ta biyu ta fi muni. Matakai 14 sun zarce zagaye ɗaya da mataki biyu, saboda haka dandamalin sama ya faɗo daidai kan mataki na uku, na huɗu da na biyar. Ya yanka shi rubu'in da'ira guda. Mataki na biyar yana santimita 100 daga ƙasa, kaurin dandamali da angul ɗinsa ya ci 10, abin da ya rage wa kan mutum 190. Ƙanena dogo ne, ga hula. Da ya ɗaga ƙafa daga na biyar zuwa na shida, gefen angul ya tsinke masa hula, ya bar masa shaida a goshi. Mai walda ya ce ai sai mutum ya riƙa sunkuyawa. Na ce masa ban biya dubu ɗari shida don in riƙa ruku'u a gidana ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

An yanke dandamalin, ya koma faɗin mataki biyu maimakon uku. Yanzu iyakarsa kan mataki na huɗu, sararin kai ya zama 210. Wurin tsayawa a sama ya ƙuntata, amma ƙofar baranda na buɗewa ciki, ba ta cin wurin. An huda bakin dakin an ɗaure dandamali da angul da kusoshi huɗu, rawar ta tafi.

Sandunan gefe ma an sake su. Ya sa sanda ɗaya a kowane mataki, tsakaninsu ya kusa santimita 40, wanda autanmu mai shekara uku zai wuce ta ciki a tsaye. Ɗan yayata ya ce ƙa'idar da ake bi a Ingila da Amurka ita ce kada ramin ya kai yadda ƙwallo mai faɗin santimita 10 zai wuce, don kan yaro. An ƙara sanda uku-uku a kowane mataki. Ƙarin ƙarfe ₦46,000. Mun ɗan yi ja-in-ja da mai walda a kan kuɗin aikin gyaran dandamali, daga ƙarshe ya ɗauke shi, ni na ɗauki na sanduna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An goge wuraren walda da giranda, an shafa jan fenti na hana tsatsa, bayan ya bushe aka bi da baƙi. Ƙurar hunturu ta manne a shafin farko, dole aka bari sai da safe kafin iska ta taso. Fenti da mai shafawa ₦38,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Tashin kaya zuwa sama, ranar da matattakalar ta nuna halinta. Tabarma, darduma, akwatuna, fanka, duk sun hau. Katifa ƙafa shida ta kai mataki na huɗu ta cije tsakanin ginshiƙi da mariƙi, ba gaba ba baya, sai da aka jawo ta da ƙyar fentin ya ɓata mata gefe. Gadon an kwance shi, amma allon kansa bai juyu ba. Sif ɗin uwargida kuwa ko gwadawa ba a yi ba.

Abin da aka yi: igiyar guga biyu, mutum uku a baranda, biyu a ƙasa, aka jawo katifa da allon gado ta kan mariƙin baranda. Sif sai da kafinta ya zo ya warware shi falle-falle, ya sake haɗawa a sama, ₦15,000, kuma ƙofarsa ɗaya ba ta ƙara rufuwa daidai ba. Uwargida ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Kawu ya zo ganin gida da yamma. Ya tsaya a gindinta ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, in ta Allah ta kasance a kan mutum yana can sama, ta ina za a sauko da shi?" Aka yi dariya, amma ni ban yi ba. Ba gawa kaɗai ba, mara lafiya da ba ya iya tsayuwa, ko mace mai naƙuda da tsakar dare. Mutum biyu ba sa jerawa a kanta, balle su ɗauko na uku. Na kira mai walda a daren nan: za a yanke mariƙin baranda faɗin mita ɗaya da rabi a mai da shi ƙofa mai sakata da kwaɗo, a kafa ƙarfe a sama da ƙaramin wili irin na jan guga. Ta nan kaya za su riƙa hawa, kuma in larura ta zo, ta nan za a kafa tsani mai faɗi.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar. Ƙofar baranda da wilin sun shiga, ₦55,000.

Sai ga abin da ba wanda ya kawo a lissafi: ƙara. Da sahur, in na sauko, kowane taku sai ya amsa kamar ana dukan tasa, kuma ginshiƙin na kai sautin har cikin bangon ɗakin Hajiya. Ta ce ba ta bukatar mai tashe bana. A watan azumi abin dariya ne, amma bayan Sallah mai fita asuba zai riƙa tada gida duka.

Kwanon buɗa-baki ma ya zama aiki. Faranti babba mai kunu, ƙosai da kankana yana son hannu biyu, matattakalar kuma tana son hannu ɗaya a mariƙi. Jug ɗin kunun tsamiya ya tafi a rana ta biyu. Yanzu a ƙasa muke shan ruwa gaba ɗaya, abin da zai hau sama kuma a kwando yake hawa ta wili. Yara sun mai da jan kwandon wasa, har faɗa suke a kan layi.

Asabar, 15 ga Maris

An yanko baƙar roba mai kauri, irin wadda ake shimfiɗawa a ƙasan mota, an manna a kowane mataki da gam, an ƙara kusoshi biyu-biyu. An kuma cika cikin ginshiƙin da busasshen yashi ta sama. Ƙarar ta ragu sosai, saura ɗan gunji in mai nauyi ya taka. ₦27,000.

Uwargida ta kawo nata ƙorafin, kuma tana da gaskiya. Tsakanin mataki da mataki a buɗe yake, wanda ke zaune a tsakar gida yana ganin ƙafar mai hawa har sama da idon sawu. In ƙannena ko almajiran da ke mana aike suna ƙasa, ba ta hawa sai sun fita. Masu zana irin wannan matattakala suna barin ramukan ne don haske ya ratsa, ba su yi tunanin gidan da ake zama a ƙarƙashinta ba. Za a toshe bayan kowane mataki da falle na ƙarfe, a kuma zagaye rabin sama da raga mai ƙananan ido.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah. 'Yan yawon Sallah duk sai sun hau sun gani. Abin da na lura: babbar riga ba ta jituwa da ita. Hannun rigar na kama kan sanduna, gindinta na shiga ƙarƙashin ƙafa a saukowa. Aminina sai da ya naɗe tasa a kafaɗa ya riƙe da haƙori. Mata masu dogon hijabi suna tattarewa da hannu ɗaya, ɗayan a mariƙi, jaka a wuya. Takalmi mai tsini kuwa sai dai a cire a riƙe.

Hajiya ta hau sau ɗaya, ranar da aka gama, ta sa albarka, ta sauko da baya tana riƙe da ni. Gwiwarta ba ta son hawa mai santimita 20, kuma juyawar na sa ta jiri. Ta ce ta gani, ya isa. Ɗakin da na yi niyyar ya zama nata, mai iska da taga biyu, ya koma na samari. Matattakalar ce ta raba ɗakunan gidan nan, ba ni ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Zafi. Daga azahar zuwa la'asar mariƙin ba ya taɓuwa, baƙin fenti ya sha rana. Wanda kuwa ba zai riƙe mariƙi ba bai kamata ya sauko ba. Na sa an naɗe shi da igiyar rama tun daga ƙasa har sama, ₦6,000. Gam ɗin robar mataki uku na sama ya narke, kusoshi kaɗai ke riƙe da su. Da farin fenti aka shafa tun farko da abin bai kai haka ba, zan tuna in an zo sabon fenti.

Asabar, 26 ga Afrilu

An toshe bayan matakai, an sa raga. ₦62,000. Tsakar gidan ta ɗan yi duhu ta wannan kusurwa, amma an samu wurin ajiye gawayi da tukunyar gas a ƙarƙashi.

Asabar, 10 ga Mayu

Auta ya faɗo. Yana bin yayarsa da gudu, ya bi ta jikin ginshiƙi inda matakin ba shi da faɗi, ƙafarsa ta zame daga na biyar. Allah ya taƙaita, murɗawar ce ma ta tare shi, ya tsaya a jikin sanduna bayan mataki biyu maimakon ya gangaro har ƙasa. Leɓe ya fashe, haƙori bai motsa ba. Mai kemis ya wanke ya ce ba sai an ɗinke ba.

Yara ƙanana ta ciki suke bi, domin mariƙin waje ya fi ƙarfin tsayinsu, ginshiƙin suke runguma. Ciki kuwa nan ne matakin ya fi ƙanƙanta. An sa ƙaramar ƙofa mai sakata a ƙasa da wata a sama, an kuma ƙara mariƙi na biyu a jikin sanduna daidai santimita 60 don su riƙa bin waje. ₦34,000. An sa ƙwan sola mai kunna kansa a saman dandamali, saboda in an ɗauke wuta da dare inuwar matakan sama na rufe na ƙasa gaba ɗaya.

Alhamis, 5 ga Yuni

Gobe Babbar Sallah. An ɗaure ragon a gindin ginshiƙi, ya kwana yana tunkurin ta, ya cinye igiyar mariƙi har inda bakinsa ya kai. An mai da shi zaure.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya fara zama. Mai famfo ya ja fayif daga tanki zuwa bayin sama, ₦71,000. Hawa da bokiti ya ƙare. Shi ne aikin da ya fi wahalar da 'yan matan gidan, kuma rabin ruwan a kan matakai yake zubewa.

Asabar, 12 ga Yuli

Damina ta tona abin da rani ya ɓoye. Tunda aka toshe bayan matakai, ruwa ba ya samun hanyar fita, yana kwanciya a lungun kowane mataki, yana shiga ƙarƙashin roba. Na ɗaga ta mataki na biyu, tsatsa ta yi ja a layin walda. Robar kanta in ta jiƙe da ƙurar da ta zama laka tana da santsi fiye da ƙarfen mai ƙuraje da ta rufe. Saman ginshiƙi kuma ashe murfin da aka sa masa bai kama ba, ruwa ya shiga, yashin ciki ya jiƙe, yana tsattsafowa ta gindi da ruwan tsatsa.

Mai walda ya huda ramuka biyu-biyu a lungun kowane mataki, ya huda ɗaya a gindin ginshiƙi, ruwa ya yi ta zuba. Jiƙaƙƙen yashi a cikin fayif ci zai yi ta yi daga ciki inda ba mai gani, don haka sai an fitar da shi. Ya yanka ƙaramar taga a gindi, aka yi ta zungura da rodi ana kwashewa, sannan ya mayar ya like, ya yi wa saman murfi da walda. Yini guda, ₦20,000. Ƙarar ta ɗan dawo.

Maganin gaske rumfa ce. Matattakalar ƙarfe a fili, a garin da rana ke gasa ta wata uku ruwa ya dake ta wata uku, ba ta da kwana mai yawa in ba inuwa.

Lahadi, 3 ga Agusta

Rumfa ta hau: kwano falle huɗu a kan sikwaya fayif, an jingina da bangon sama, an ba ta gangare zuwa magudanar zaure. ₦88,000. Feshin ruwa na shigowa ta gabas in da iska, amma matakai tara na sama a bushe suke kwana.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na tara rasit. Ƙarfe, ɗauka, aiki, kankare, mai da fentin farko sun kama wajen ₦770,000 har da ƙarin sanduna. Abin da ya biyo baya, ƙofar baranda, roba, igiya, toshe matakai, ƙofofin yara, gyaran ruwa da rumfa, ya doshi ₦300,000, ban da kafinta da famfo. A Janairu magini ya yi mini kiyasin ta siminti a ƙasa da jimillar nan. Ashe murɗaɗɗiyar ta fi araha a takarda ne kawai. Abin da ta cece mana fili ne: rijiya na nan, tagar Hajiya na shan iska, ana shanya.

Maƙwabcinmu ya zo jiya yana son lambar mai walda, shi ma zai ɗora ɗaki. Na ce masa in yana da inda miƙaƙƙiya za ta zauna, ya yi ta ko da zai rasa rabin tsakar gida. In babu, kada ya yi ƙasa da santimita 150, in ya samu 180 ya fi, ya lissafa inda dandamali zai faɗo kafin a yanka ƙarfe, ya yi rumfa rana ɗaya da matattakalar, kuma kada ya sa tsoho a sama.

Abin da ya rage: in ruwa ya ɗauke a Oktoba, a cire roba duka, a kankare tsatsa, jan fenti shafi biyu, sannan fari ko ruwan toka. A matakai biyar na ƙasa ba za a mayar da roba ba, za a bar ƙurajen ƙarfen. Igiyar mariƙi ta fara baƙi, sabuwa za a naɗa. Mai fenti ya ce ₦45,000, na ce ya dawo da magana bayan Maulidi.